Shekara Talatin Ina Ɓoye Kogon Jemagu

Na ji ku sarai. Kuna tsammani don na juya baya ina ɗaure buhu a moto, babur ɗin nan nawa, kunnena ya toshe? Wani cikinku ya ce, "Aikin Baba Haru ai ba aiki ba ne, kwasar kashi ce kawai, ko makaho ya iya." To madalla. Ku matsa mini a bencin nan, ku zuba mini shayi, na biyu nake so, na farko ku bar wa masu ƙarfin hanji. Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Tun da har kashin jemage ya kai a yi zancensa a fadar shayi, yau sai kun ji abin da ke cikinsa.

Ni Haru, duk unguwar Kara-Kara an san ni, shekara talatin da wani abu ina wannan sana'a. Jemage ya ci ƙwari ya yi kashi, ni in kwashe, in tankaɗe, in kai wa masu garka su zuba wa salati da shu, wato kabeji, da tattasai. Mai gida ya gode mini don na raba shi da wari, mai garka ya gode mini don na kawo masa. Salatin nan da kuke ci da azumi kuna lashe yatsa, ku tambayi wanda ya ciyar da shi.

Aikina na farko a wata lakkwal ne, makarantar boko, can bayan gari. Lokacin ina da aure har da ɗiya ɗaya, damina biyu ta ƙi mu a jere, na rasa abin kamawa, sai wani ya haɗa ni da Baba Kyari. Babarbare ne, gajere, tsagar fuskarsa duk ta nutse cikin tsufa, kuma a duk Damagaram babu wanda ya kai shi sanin jemage. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kana tsoron duhu?" Na ce a'a. "Wari fa?" Na ce a'a. Ya juya ya ce wa wanda ya kawo ni, "Maƙaryaci ne. Zai yi sana'a."

Ya kafa tsani ya tura ni tsakanin kwano da palafon, katakon nan da ake rufe saman ɗaki da shi. Ana tsakiyar bazara, kwano ya ɗau wuta, jemagu sun cure a kusurwa suna tsuwwa. Ina rarrafe ina tura felu, shebur ɗin kwasa, sai ɗaya ya sako kansa ya mare ni da fiffike. Na ja da baya na taka tsakiyar katako. Ɓurum! Ƙafata ta leƙa cikin aji har cinya. Mushe, malamin ajin, yana tsaye yana rubutu a allo, sai ga takalmin roba yana reto bisa kansa, kashi na zubowa kamar ana shiƙar gero. Ƴan aji suka watse da ihu, wai aljani ya sauko. Baba Kyari ya hau tsani ya leƙo ni, ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Wushe, sannu da aiki. Ka taka inda kafinta ya buga ƙusa, nan ƙarfi yake." Karatuna na farko ke nan, kuma har yau cinyata ta hagu tana bita in sanyi ya shigo.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Felu mai gajeren ƙota, don dogo ba ya juyuwa a palafon. Guntuwar tsintsiyar kaba. Rariya biyu, mai manyan ido ta tare tsakuwa da gawar jemage, mai ƙananan ido ta fidda gari. Tocila ta ɗaurawa a goshi, igiya, da buhun da bai taɓa ɗaukar gishiri ba, don gishiri yana ƙona shuka. Sai rawani da muke naɗewa a hanci muna ganin mun yi dabara. Sai buta. Ku riƙe butar nan a ranku, za mu dawo kanta.

Da rana ake aikin, jemagu na barci. Ba a kashe su, ba a yi musu hayaƙi. Baba Kyari yakan ce wanda ya kori jemage ya yanka saniyar tatsarsa. Kuma kashi ba ɗaya ba ne. Na manyan nan masu shan mangwaro da ɓaure ruwa-ruwa ne, ba shi da ƙarfi. Na ƙanana masu cin ƙwari shi ne kaya, baƙi, kamar ƙwayar shinkafa, in ka murza ya zama gari yana ƙyalli. Ka rufe mini ido ka miƙo mini hannu ɗaya, zan gaya maka na palafon ne, ko na kogon kuka, ko na matacciyar rijiya. Masu garka ma ba wawaye ba ne. Akwai wani tsoho a hanyar Mirya, sai ya zura hannu har ƙasan buhu ya ɗebo, ya shinshina, ya ce, "Haru, akuya ta bi ta nan." Ni kuwa ban taɓa gauraya kayana da kashin awaki ba sai sau ɗaya tak, kuma a hannunsa na faɗa.

Ba ni kaɗai na koya wurin Baba Kyari ba. Akwai Laminu, aminina, wanda katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Dogo, ƙaƙƙarfa, yana saɓa buhu biyu a kafaɗa yana waƙa. Da Baba ya ga ƙarfinsa ya fara ƙarewa, wata Alhamis ya ɗauke mu mu biyu muka yi yamma, ƙasar Garagumsa. Bayan wani ƙauye akwai duwatsu da suka hau kan juna, a ƙarƙashinsu wata kafa wadda sai ka kwanta rub da ciki za ka shiga. Muka kutsa. Da na haska tocila, wallahi sai da na yi salati. Ɗaki ne guda, ya fi masallacin unguwar nan faɗi. Sama baƙi ƙirin da jemagu, ƙasa kuwa kashi ne tun na kaka da kakanni, ƙafa tana nutsewa har ƙauri.

Nan Baba ya sa muka dafa kafaɗarsa muka yi alkawari. Ya ce, "Wannan shi ne gonarku, shi ne rumbunku. Ranar da mutum na huɗu ya sani, ranar za ku ga kamiyo, babbar motar kaya, a bakinsa. Kada ku faɗa wa matanku. Kada ku ce wa kowa kuna shiga kogo. In an tambaye ku inda kuka samo kaya, in yamma ne ku ce gabas."

Ya kuma koya mana yadda ake zuwa. A ajiye abin hawa nesa, gindin wata tsamiya. A naɗe buhuna a ciki, ƙarƙashin riga. A ɗauki buta a hannu, a bi ta gefen ƙauye da sauri ana ɗan dafe mara, kamar wanda bayan gida ya matsa. Wa zai bi mai buta ya ga inda za shi? In an gama, a fito da kaya ta bayan dutse lokacin da rana ta kori kowa inuwa. Haka muka yi ta yi ni da Laminu bayan rasuwar Baba, tun muna zuwa da amalanken jaki har muka sayi moto. Ko Zenabu matar Laminu, mai bakin nan kamar reza, ba ta taɓa jin kalmar kogo daga bakinmu ba.

Sai shekarar da takin zamani ya yi tsada ya gagari talaka. Ku kun san ta da shekarar wahala, mu da fari mun ɗauka ta arziki ce. Masu garka suka yi mana caa, ba ka gama karyawa ba ana sallama a ƙofa. Palafon na garin nan duk muka share su tas, jemage bai gama kashi ba mun tara felu. Muka koma kogo duk mako. Muka cinye na sama, muka fara haƙa na ƙasa, busasshe, wanda ya kwanta tun kafin a haifi Baba Kyari.

Cikin wannan hidima wata mata ta zo nemana. Madam Rabi. Likita ce, amma ba mai allura ba, mai binciken ƙwayoyin cuta a labo, ɗakin gwaje-gwaje. Ƴar garin nan ce, ta yi karatu waje ta dawo. Ta gaishe ni da ladabi ta ce, "Baba Haru, an ce mini duk Damagaram babu wanda ya san gidajen jemagu kamarka." Na gyara zama, na gyara hula. Ta ce akwai wata fumfuna, dangin wadda ke fitowa a tuwon da ya kwana biyu, amma ita wannan ido ba ya ganinta. Jemage yana ɗauke da ita a hanjinsa, ya zubar a kashi, ta yi gida a ciki. In kashin ya bushe aka tayar da ƙurarsa mutum ya shaƙa, sai ta sauka a huhu. Mutane da yawa ba ta yi musu komai, wasu kuwa ta kwantar da su.

Na ce, "Madam, shekara talatin ina shaƙa, ko mura ba ta cika kama ni ba."

Ta ce Allah ya ƙara lafiya. Abin da ya kawo ta shi ne, fumfunar nan dangi-dangi ce kamar mutane. Ta wannan wuri daban, ta wancan daban, kuma a labo suna gane kowace da zuri'arta, kamar yadda kake ganin tsaga a fuskar mutum ka san asalinsa. Tana so ta zana taswira, a ga wane dangi ke zaune a ina, kuma har ina jemagu ke kai shi. Wannan kam na gane, don ni ma aikin da hancina ke yi ke nan. Ta ba ni ƴan kwalaben roba masu murfi, da bik, ta ce duk inda na yi aiki in ɗiba kaɗan in rubuta sunan wurin. Ta haɗa mini da takunkumi fari mai tauri, ta ce in riƙa sawa, in kuma yayyafa ruwa kafin in sa felu. Takunkumin na rataye shi a ƙusa. Ruwa kuwa, wa zai jiƙa kaya ya ƙara wa kansa nauyi, mai garka kuma ya ce ka cuce shi?

Na yi mata aiki tsakani da Allah. Na lakkwal na rubuta lakkwal, na masallaci na rubuta masallaci. Ran nan muna kogo sai girman kai ya motsa, na ce bari in nuna wa matar nan kaya na gaske, ba tarkacen palafon ba. Na cika kwalba, na fito da bik, na tsaya. Laminu ya ce, "Me za ka rubuta?" Na ce, "Abin da Baba ya ce." Kogo yana yamma, saboda haka na rubuta Hamdara da ke gabas, na ƙara da cewa tsohon magazan hatsi, wato sito, don na san akwai wani can mai ƴan jemagu. Ko kaɗan ban ji na yi laifi ba. A sana'armu wannan tarbiyya ce.

A ranar ce kuma Laminu ya shiga can ƙurya, inda muka haƙa har ya yi gaɓa kamar bakin gulbi. Ya soka felu a gindinta, gaɓar ta rufto masa gaba ɗaya. Ƙura ta tashi, tocila ta daina ganin komai. Na lalubo ƙafarsa na jawo shi. Ya fito baƙi ƙirin, ido kawai ke fari, yana tofarwa yana zagin jemagu har kakanninsu. Muka yi dariya har muka zauna. Ya wanke fuska da ruwan buta, muka ɗaure kaya muka dawo.

Bayan kamar mako biyu ya fara zazzaɓi da tari. Muka ce mura ce. Aka yi jiƙo, aka yi turare, aka sha zuma da citta. Wata ya wuce Laminu yana zubewa kamar buhun da ya huje. Na kai shi asibiti da kaina. Likita ya yi masa radiyon ƙirji, hoton nan mai nuna huhu, ya ga tabo-tabo, ya ce, "Malam, wane aiki kake yi?"

Laminu ya dube ni. Ni kuma na dubi palafon ɗin asibitin. Ku gane, Laminu bai iya ƙarya mai tsawo ba. Ya san in ya ce jemage za a ce a ina, in aka ce a ina bakinsa zai suɓuce. Sai ya toshe ƙofar tun daga zaure. Ya ce, "Noma."

"Ba ka aikin haƙa, ko wani wurin ƙura?"

"Noma kawai, likita."

To likita ba boka ba ne. Abin ya yi kama da tarin fuka, aka ɗora shi kan maganin tarin fuka. Ya sha wata ɗaya, biyu, huɗu, bai tsallake ko rana ɗaya ba, don Zenabu na tsaye kansa da kofi. Tari ko gezau. Aka ware masa kwano, abokai suka rage zuwa. Ni ina jinsa ta katanga. Ban haɗa ciwonsa da zancen Madam ba. Ko in faɗi gaskiya, duk ran da zuciyata ta so haɗawa sai in tashi in kama wani aiki.

Ana nan sakamakon kwalabe ya dawo daga inda ta aika su. Madam ta kira ni a waya. Wai sauran duk dangin da aka saba gani ne, amma ta Hamdara wani dangi ne dabam, kuma kwalbar cike take da shi maƙil. Ta ɗauki mota ta tafi Hamdara. Ta hau palafon ɗin magazan nan da kanta, mace mai karatu, da farar riga. Ta ɗebo ta auna, babu. Ta koma, babu. Zuwa na uku mai tsaron magazan ya ce don Allah in aljanu take nema ta faɗa musu gaskiya, don mata sun fara tsoron hatsin wurin. Ta kafa raga ta kama jemagu, ta duba su ta sake. Duk ran da ta kira ni ta ce, "Baba Haru, ka tabbata magazan nan ne?" sai in ce, "Madam, jemage ai ba ya zama wuri ɗaya."

Wata Talata da hantsi sai ga ta a gidana da ordinater ɗinta, kwamfutar nan ta hannu. Aka shimfiɗa mata tabarma gindin dogon yaro, jikin katanga. Ta buɗe taswira. Ta ce da Hamdara ta gagare ta sai ta bi garake tana ɗibar ƙasa inda jemagu ke sauka a itatuwa, kuma ga abin mamaki, dangin nan ya ɓulla a wurare da ba su haɗa komai ba. Ta sa wa kowanne jan ɗigo. "Duba, Baba. Nan hanyar Mirya. Nan bayan gari. Nan bakin tabki. Jemagen da zai sauka a wannan garka, ya tsallake ta kusa da ita, ya sauka a ta gaba, ban taɓa karanta irinsa ba."

Na sunkuya na duba. Ɗigo na farko garkar tsohon nan ce mai cewa akuya ta bi ta nan. Na biyu ta wani mai albasa ce da nake kai wa duk mako. Na uku, na huɗu, duk nawa ne. Wadda aka tsallake kuwa ta wani ce da muka yi faɗa bara na daina kai masa. Matar nan ta zana mini hanyar motona kaf, har da inda nake fushi.

Ina laluben abin faɗa sai tarin Laminu ya taso ta bayan katanga, irin mai tsawon nan da sai ka riƙe numfashinka kana jira ya ƙare. Madam ta ɗaga kai.

"Wane ne?"

Na ce maƙwabcina ne, tarin fuka, yana shan magani.

"Wata nawa?"

Na ce biyar.

"Bai ji sauƙi ba?"

Na ce bai ji ba.

"Wane aiki yake yi?"

Na buɗe baki in ce noma. Wallahi har harshena ya ɗauko kalmar. Sai tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a cikin kogo, don na gane in na faɗe ta da hannuna zan haƙa kabarin Laminu. Na ce, "Madam, rufe na'urar nan. Jemagen da kike nema yana da moto. Ga shi zaune gabanki."

Na faɗa mata duka, tun daga tsamiya har gaɓar da ta rufto. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma ya fi mini sauƙi. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, "Baba Haru, sau uku na hau palafon ɗin Hamdara." Na ce na sani. Ta ce, "Sau ɗaya na faɗo." Na ce wannan ban sani ba, Allah ya ba da haƙuri, ai da ta taka inda kafinta ya buga ƙusa. Ta yi mini wani kallo, ta miƙe ta ce in kai ta wurin maras lafiya.

Laminu yana kwance a tabarma, ƙasusuwa kawai. Da ya ji na ambaci kogo gaban baƙuwa, gaban Zenabu, ya yunƙura ya nuna ni da yatsa, da ƙyar ya ce, "Haru... alkawarin Baba."

Zenabu ta ce, "Wane kogo? Wane alkawari?" Da ta gane, ta ajiye kofin hannunta a hankali ta ce, "Yaya Haru, wata biyar ina wanke kwanon mijina daban, ƴaƴansa ba sa zama kusa da shi, ina kwana ina kuka. Ashe kashi kuke rufa wa asiri?" Na sunkuyar da kai ta yi ta sauke mini har ta gaji, kuma duk abin da ta faɗa na ci shi.

Ranar Madam ta kai shi asibiti, ta yi magana da likitan, aka sake gwaje-gwaje, aka samu fumfunar. Likitan ya dubi Laminu ya ce, "Sannu, manomi." Aka canza magani. Mai dogon zango ne, wata da watanni, amma kafin wata ya zagayo zazzaɓi ya sauka, ya nemi tuwo da miyar kuka. Aka ce kuma ciwon ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum, Zenabu ta mayar da kwanonsa cikin na kowa. Masu garka kuwa ni da Madam muka bi su ɗaya bayan ɗaya, da taswirarta da kunyata, ta gaya musu su jiƙa taki kafin su watsa. Kai mai yamutsa fuska can, ci salatinka, ba a ganye take ba, ƙurar ce abin tsoro.

Saura kogo. Ranar da zan kai Madam can, koko ma ya ƙi shiga. Gani nake gonata da rumbuna zan miƙa, in kuma ci amanar mamaci. Muka ajiye motarta gindin tsamiya. Don sabo sai ga ni na ɗauki buta na dafe mara. Madam ta ce, "Lafiya, Baba?" Na ce haka ake zuwa. Ta ce ita ba haka take zuwa ba, sai ta gaida mutanen gari ta nemi izini. Na ce a raina shi ke nan, an gama da ni.

A bakin ƙauyen muka tarar da wata tsohuwa tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Madam ta durƙusa ta gaishe ta, ta fara kewaye-kewaye, wai ko akwai wani wuri cikin duwatsun nan da jemagu ke kwana. Tsohuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kogon masu buta? Ga ɗayansu nan tare da ke, ya fi ni sanin hanya." Sai ta dube ni. "Ina dogon? Mun kwana biyu ba mu gan shi ba."

Na ce, "Inna, kin san mu?"

Ta ce, "Haba ɗan nan. Tun ina goyon autana kuke wucewa, ku da gajeren tsohon nan mai tsaga, Allah ya jiƙansa in ya rasu. Ku shiga da buta ku fito da buhu. Da fari mun ɗauka ciwon ciki ne, har maigidana ya ce a jiƙa muku magani. Da masu kiwo suka leƙa suka ga abin da kuke kwasa, aka ce a ƙyale bayin Allah, kowa da inda aka ajiye masa abincinsa. Mun dai hana yara dariya sai kun wuce."

Na waiwaya. Madam ta ba mu baya, kafaɗunta na rawa don dariya.

Na ce, "Kuma ba wanda ya taɓa ɗiba?"

"Mu da muke da shanu da awaki? Me za mu yi da kashin abin da ke kwana kai ƙasa? Wurin ma mai sa tari ne, tun kakanninmu ba a barin yaro ya shiga can ciki." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Da kun taɓa tsayawa sau ɗaya kun gaishe mu, ai da mun gaya muku."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, buta a hannu.

Da na dawo na shiga wurin Laminu na ba shi labari. Ya yi dariya, dariya ta koma tari, Zenabu ta rugo da kofi tana harara ta. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Haru, ashe saura ƙiris in mutu kan asirin da awakin ƙauye ma sun sani." Na ce ba laifinsa ba ne, ni ne na dubi palafon ɗin asibiti. Ya ce, "Mu biyu muka dafa kafaɗar nan." Daga ranar ba mu sake tayar da zancen ba.

Madam ta gyara taswirarta, ta goge Hamdara, ta je da kanta ta ba mai tsaron magaza haƙuri a madadina. Dangin nan na fumfuna yanzu an san gidansa. Kamiyon da Baba ya ce kuwa har yau ba mu gan shi ba. Ina zuwa kogo, amma ta tsakiyar ƙauye nake bi, in gaida Inna, in miƙa mata goro. Takunkumi ya sauka daga ƙusa. Can ƙuryar ba na taɓa ta. Butar nan da kuke gani ɗaure a moto, shekara talatin tana ƙarya, yanzu ita ke fara aiki, sai na yayyafa ko'ina ya yi laushi kafin felu ya taɓa ƙasa.

Saboda haka mai cewa ko makaho ya iya, gobe da hantsi ya same ni a ƙofar gida, ina da palafon a wata lakkwal. Zan ba shi takunkumi, zan nuna masa inda kafinta ya buga ƙusa. Sharaɗi ɗaya ne. Duk ran da likita ya tambaye shi aikinsa, ya ce kashin jemage yake kwasa, da ƙarfi, har na kan layi su ji.

Ga Laminu can ya fito daga masallaci. Ku daina kallona, ku dube shi. Mutumin da ke saɓa buhu biyu yana waƙa ke nan. Daga can zuwa nan taku nawa ne? Ku lura, sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango kafin ya iso. Ku tashi ku ba shi bencin, ku zuba masa na uku, mai sukari.